Farar Rigar Ƙarfe Shida

Wasiƙar makaranta ta yi kwana tara a ƙarƙashin ledar tebur kafin Lauya ta gan ta. Ba nemanta take yi ba. Shayi ne ya zube, ta ɗaga ledar za ta goge, sai ga takarda a ninke gida huɗu, gefenta har ya fara shan maiƙo.

Ba lauya ba ce. Tikiti take sayarwa a tagar tashar mota, a can kuma take da ɗakin haya ita da wata abokiyar aikinta, gida sai ranar Asabar take leƙowa. Sunan ya kama ta ne tun tana ƙarama, domin ita ba a ce mata "haka ake yi" ta yi shiru. Sai ta tambayi wanda ya ce a yi hakan, da ranar da ya faɗa. Yanzu shekararta ashirin da huɗu, halin kuwa sai abin da ya ƙaru.

A tsaye ta karanta. Shugabar makaranta ce ta rubuto a kan Auta, ƙanwarta 'yar shekara goma sha shida. Yarinyar tana barci a aji, ta faɗi gwaji biyu a jere, ita da a da ba ta taɓa wuce ta biyar ba. Ƙarshen wata za a yi jarrabawar tantancewa, duk wanda ya faɗi ba za a sa sunansa cikin masu zana jarrabawar fita ba. Lauya ta san gidansu, ba a maimaita aji a gidan nan. In sunan Auta bai fito ba karatu ya ƙare ke nan, kamfanin wanki da guga inda Umma ke aiki kuwa yana nan baki buɗe yana jiranta.

"Umma, wannan fa?"

Umma tana bakin gado tana ɗinke maɓallin rigar makarantar Auta. Ta ɗago ta dubi takardar, ta mayar da ido kan allura.

"Ajiye miki na yi."

"A ƙarƙashin leda?"

"To a goshina zan manna ta? Ga shi kin gani ai."

"Awa uku kika ce min tana yi a wurin aikinku. Daga uku zuwa shida. Awa uku ba ya sa mutum barci a aji."

"Jirana take yi in tashi mu taho tare. Akwai benci, a nan take aikin makarantarta."

"Har ƙarfe nawa?"

"Ke dai Allah ya sawwaƙe miki. Mutum ya haifi 'ya, ya zama kullum yana gaban alƙali."

A daidai nan Auta ta shigo da bokitin ruwa. Da ta sunkuya za ta ajiye, hannun rigarta ya zame, Lauya ta ga tabon ƙuna layi-layi a damtsenta, wasu sun yi baƙi, ɗaya sabo ne har yana ƙyalli. Ta ce a ba ta littafin aikin gida. Auta ta daɗe tana lalube a jaka. Shafi na ƙarshe da aka yi rubutu a kai, kwanan watansa ya kusa wata biyu.

"Hasken wurin ne ba shi da kyau, Yaya," in ji Auta, idonta a ƙasa.

Lauya ta rufe littafin ta miƙa mata a hankali, abin da ya ba Umma tsoro fiye da a ce ta yi ta faɗa.

Ranar Litinin ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata taga, ta isa kamfanin shida saura kwata. Dogon zaure ne mai rufin kwano, inda ake wanke zannuwan gado na otal-otal da asibitoci. Tun daga titi warin sabulu da maganin cire datti ke shaƙe mutum. A ciki tururi ya cika ko'ina, injinan wanki suna gurnani a can ƙarshe, a tsakiya kuma ga injinan guga masu birgima, mutum biyu suna cusa zani ta nan, biyu suna tara ta can. Manya suna sanye da farar rigar aiki. Yara bakwai suna sanye da shuɗiya, a cikinsu har da Auta.

A jikin bango, daf da ƙofar shiga, an rataye doka cikin gilashi, an goge ta tas. Ta ce wanda bai kai shekara goma sha takwas ba, ba zai wuce awa uku yana aiki a ranar makaranta ba, kuma ba zai wuce ƙarfe shida na yamma ba. A ƙarƙashinta an jera ƙusoshi bakwai, ga tebur ƙarami da rajista da biro ɗaure da zare.

Ƙarfe shida daidai wata mata mai kaurin murya ta kaɗa ƙararrawa. Ita ce shugabar ma'aikata, Agogo ake ce mata, don ba a taɓa jin ta makara da minti ɗaya ba. Yaran suka bar injina, suka cire shuɗɗan riguna, kowa ya rataye tasa a ƙusarsa, suka sa hannu a rajista, suka fita ta babbar ƙofa a jere. Lauya, da ta raɓe bayan wata motar kaya, har ta fara jin kunyar zargin da ta yi. Ta bi bayansu don ta tare Auta.

Ba su nufi titi ba. Suka bi jikin katanga, suka karya kwana, suka shiga wani lungu da ruwan wanki ke gudu a tsakiyarsa, suna tsallake kumfa kamar waɗanda suka san kowane dutse. A ƙarshen lungun akwai ƙaramar ƙofa ta ƙarfe a buɗe. Mata suna tsaye a wurin, kowace da farar riga a hannu. Umma ta ware tata, Auta ta zura hannuwa, ta juya baya, Umma ta ɗaure mata igiyar ta gyara mata wuya, kamar mai shirya yarinya za ta tafi makaranta.

Duka-duka tafiyar ba ta kai minti uku ba. Yara bakwai sun tashi daga aiki, manya bakwai sun kama.

"Sannu da benci, Umma," in ji Lauya.

Umma ta juyo a firgice. Auta ta sulale ciki.

"Me ya kawo ki nan? So kike ki tona min asiri a wurin cin abincina?"

"Ni ce mai tona asirin? Ke da hannunki kike ɗaure mata."

"Rage murya. Ni ina da shekara goma sha biyu na fara wankau, ga ni ban mutu ba."

"Ba ki mutu ba, amma ba ki iya karanta wasiƙar 'yarki ba."

Maganar ta fita kafin ta kama ta. Fuskar Umma ta canza, ta goge hannu a rigarta ta shige. Lauya ta ji zafin abin da ta faɗa, amma zafin abin da ta gani ya danne shi. Ta zagaya ta gaba ta nemi Manaja.

Manaja mutum ne mai fara'a, mai tsaftar farce, ya ba ta kujera har da tambayar ko za ta sha ruwa. Ya saurare ta har ta gama, yana gyaɗa kai.

"Ƙanwata, ki duba bangon can. Akwai kamfanin da ya sa dokar nan a gilashi in ba mu ba? Yaranmu ƙarfe shida na yi suke tashi, ga rajista."

"Na ga inda suke zuwa in sun tashi."

"Abin da mutum ya yi bayan ya fita ƙofata ai ba ni da iko da shi. Mu 'ya'yan ma'aikatanmu kawai muke ɗauka, don taimako. Ko kin fi so su yi ta gararamba a titi? Ki tambayi mahaifiyarki, shekara goma sha ɗaya muna tare, ko sau ɗaya ba mu taɓa samun saɓani ba." Ya yi murmushi. "Ina fatan kuma ba za mu fara yanzu ba."

Ta gane saƙon. Ta fito zuciyarta na tafasa. Da a ce ɓoye yaran suke yi a wani ɗaki, da ta san sunan abin. Amma a ce an zauna an yi wa doka gilashi, an buga mata ƙusoshi, an saya mata ƙararrawa, sannan kullum a bi ta gabanta a gaishe ta a zagaya ta baya, kuma mata talatin suna gani, masu shagunan layin suna gani, kowa ya ce ai haka ake yi. Wannan ne ya hana ta cin abinci ranar.

Da safe ta tare Auta a hanyar makaranta. Yarinyar tana tafiya tana hamma, idanunta sun yi ja.

"Ƙarfe nawa kuke tashi?"

"Tara da rabi. In kayan asibiti sun yi yawa, goma."

"In kin ce ba za ki sa farar ba fa?"

"Wanda ya ƙi farar riga, an karɓe shuɗiyar. Akwai wani yaro da ya ƙi, aka sallame shi, aka mayar da babarsa wajen injin wanki, inda ake jan jiƙaƙƙun zannuwa. Wata biyu ta yi ta bari da kanta." Auta ta gyara jakarta. "Yaya, don Allah ki bar maganar nan. Zan dage in yi karatu."

"Yaushe? A cikin barci?"

"Ke kina tashar mota. Mu ne a can."

Lauya ta tsaya tana kallonta har ta shige ƙofar makaranta. Daga nan ta wuce ofishin ƙwadago.

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani tsohon bene, fanka tana juyawa kamar an roƙe ta. Sufeton da ke kula da unguwar dattijo ne mai furfura, fayil-fayil sun kusa rufe shi. Da ya ji sunan kamfanin sai ya saki fuska.

"Ai waɗannan ba su da matsala, 'yata. Sau huɗu ina zuwa, ba tare da sanarwa ba. Shida da rabi nake isa. Riguna bakwai a ƙusa, sa hannu bakwai a rajista. Da kowa haka yake da na huta."

"Yallaɓai, riguna ka ƙirga. Yaran suna ciki."

Ta kwashe duk abin da ta gani ta gaya masa, da lungun da ƙofar ƙarfen. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Wuraren aiki ɗari biyu da wani abu ke wuyana, babur ɗaya, shi ma sai an tura. Ni abin da na gani nake rubutawa. In na shiga na ga mutum da farar riga, sunansa na cikin jerin manya, da kwafin katin shaidarsa a fayil, ta ina zan ce yaro ne? Haƙoransa zan duba?"

"Ido ba mudu ba ne, Yallaɓai, amma ya san kima."

"Kotu ba ta karɓar kima. Ki kawo min ma'aikaci ɗaya babba da zai sa hannu ya ce ga abin da ake yi."

"Wa zai sa hannu a kan abincinsa?"

"To kin gani."

Ya jawo wani fayil, alamar an gama. Washegari ta dawo. Jibi ma ta dawo, ta zauna a bencin ƙofarsa tun safe, duk wanda ya shigo sai ta gaishe shi ta gaya masa abin da ya kawo ta, da ƙarfi yadda na ciki zai ji. Masinjan ofishin har ya fara ce mata "Ranki ya daɗe, mai ƙara". A rana ta uku Sufeto ya leƙo ya ce, "Na ji. Yau zan je, don in samu lafiyar kunnena. Za ki iya biyo ni, amma bakinki alaikum."

Shida da rabi suka isa. Manaja ya fito da hannu biyu, ya ga Lauya a baya, murmushinsa bai ko girgiza ba. Sufeto ya tsaya gaban ƙusoshi ya ƙirga da bakin biro, bakwai. Ya buɗe rajista, bakwai. Ya leƙa zauren, tururi da fararen riguna, kowa ya duƙufa. Lauya ta hango Auta a injin guga na biyu, ta juya baya, ta ja ɗankwali har gira. Sufeto ya rufe littafinsa ya dube ta, irin kallon nan na "ba na gaya miki ba".

"Yallaɓai, ka kira sunayen masu farar riga," in ji Lauya. "Ɗaya bayan ɗaya, kowa ya amsa."

"Na ce bakinki alaikum."

"Minti biyar ne. Ka riga ka ƙona man babur."

Manaja ya yi dariya. "A kira mana, Yallaɓai. Mu ba mu da abin ɓoyewa. Agogo, kashe injina."

Zauren ya yi tsit, sai ɗigar ruwa. Aka miƙa wa Sufeto jerin ma'aikatan yamma. Ya fara kira, ana amsawa daga nan da can. Da ya zo ƙasan takardar, muryoyin da ke amsawa suka fara sirancewa, amma suna amsawa ba gargada, an ga alama sun sha bita. Ya kira suna na ashirin da tara.

Sunan Lauya ne. Cikakken sunanta na takarda, da na mahaifinta, yadda yake a katin shaidarta.

"Na'am," in ji Auta daga injin guga, muryarta kamar ta sauro.

Lauya ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Sai yanzu ta gane inda manya bakwai suka fito. Kowane yaro da sunan wani babba na gidansu yake aikin yamma, yaya ko kawu ko ƙanwar uwa, kwafin katin kuwa iyaye ne suka kawo. Nata yana cikin akwatin takardun gida, makullin yana wuyan Umma. Wata biyar ke nan, ashe, tana guga a kamfanin nan ba ta sani ba. Da sunanta aka ƙone damtsen ƙanwarta.

Sufeto har ya buɗe baki zai kira na gaba.

"Ni ce mai sunan nan," in ji Lauya.

Ta ciro katinta daga jaka, ta ɗora a kan takardar da ke hannunsa. Ya duba katin, ya duba jerin, ya ce a kawo fayil. Agogo ta dubi Manaja, Manaja ya ɗaga kafaɗa, aka kawo. Kwafin ya yi baƙi, fuskar ba ta fita, amma lambar ɗaya ce.

"Yaya da ƙanwa ne, Yallaɓai," in ji Manaja a natse. "Mu abin da aka kawo mana muka karɓa. In an yi musayar takarda a gida, wannan matsalar gida ce. Wa ya sani ma ko ita wannan ce ta ɗauko katin waccan? Ga mahaifiyarsu nan, a tambaye ta."

Ya faɗi haka ne yana kallon Umma, kallo mai tsawo, na shekara goma sha ɗaya.

Sufeto ya yafito Auta. Ta taho tana jan ƙafa ta tsaya kusa da yayarta, farar rigar ta yi mata yawa har an naɗe hannuwan sau biyu. Ya juya wajen teburin ninki, inda Umma ke tsaye da zani a hannu.

"Baiwar Allah, ke kika haife su?"

"Ni ce."

"Wacce ce mai sunan nan a cikinsu?"

Lauya ba ta dubi Umma ba. Ta san abin da ta jawo mata. In Umma ta nuna Auta, an gama, ita Lauya ta zama mahaukaciyar da ta zo da katin wani, Auta kuma ta koma injinta. In ta nuna Lauya, ta tona kanta a gaban mai ba ta aiki. Matan da ke kusa da Umma suka ɗan ja baya. Wata ta yi tari.

Umma ta gama ninke zanin da ke hannunta tukuna, gefe da gefe, ta ɗora a kan 'yan'uwansa ta shafe shi da tafin hannu.

"Babbar ce," ta ce. "Mai bakin. Wannan ƙaramar shekararta sha shida, watan jiya ta cika. Ni na ɗauko takardar a akwati na kawo. An ce kowa ya kawo, na kawo." Ta dubi Auta. "Ke kuma cire rigar mutane ki ba su kayansu."

Auta ta kai hannu baya tana neman igiyar, ta kasa kwancewa, Lauya ce ta kwance mata.

Sufeto ya jawo kujerar da ke gaban rajista ya zauna. Ya sake buɗe littafinsa, ya nemi sabon shafi. Ya koma kan sunaye shida da suka rage, kowanne ya ce mai shi ya matso kusa ya faɗi shekarar haihuwarsa. Na farko ya faɗi ta kawunsa daidai, sai dai kawun ya girme shi da shekara goma sha tara, yaron kuwa ko gashin baki bai fara ba, har wata mata ta kasa riƙe dariya. Na biyu ya fashe da kuka. Daga nan ba a ƙara wahala ba.

Kafin ya tafi, Sufeto ya ce wa Manaja, "Sunan matar nan ya shiga rahotona a matsayin shaida. In na ji an sallame ta, ni da kai ne." Ya juya ga Lauya yana sa hular kwano. "Sau huɗu ina ƙirga riguna," ya ce, ba tare da ya dube ta sosai ba. Ya tura babur ɗinsa har ya tashi.

Ba a sallami Umma ba. Washegari Agogo ta gaya mata an yi sauyin wurare, daga yau tana wajen injin wanki. Jiƙaƙƙen zanin gado in ya haɗu da 'yan'uwansa goma ya fi buhun siminti taurin kai, haka take jan su daga safe zuwa dare, mace mai shekara hamsin da biyu. Yaran bakwai kuwa duka aka sallame su, aka ce kamfani ya daina ɗaukar yara, tunda taimako ya zama laifi. Tarar da aka ci kamfanin, in ji masinjan ofishin ƙwadago, ba ta kai abin da suke samu a wankin otal ɗaya na mako ba. Matan da suka shekara goma suna cin abinci kwano ɗaya da Umma suka koma amsa gaisuwarta da hanci.

Ɗaya daga cikinsu har tashar mota ta zo, ta bi layi kamar mai sayen tikiti, da ta iso taga ta ce, "Sannu, Lauya. Kin kyauta. Ɗana yanzu dako yake yi a kasuwar kayan gwari, tun asuba. Can babu ƙararrawa ko ɗaya."

Lauya ta ji haushin matar, ta ji haushin kanta, ta fi jin haushin cewa a garin nan zaɓin da ake ba yaro ke nan, injin guga ko buhu, kuma wanda ya ce ba daidai ba ne shi ne mai laifi. Ta yagi bayan wani tsohon tikiti, ta ɗauki biro.

"Wane layi ne a kasuwar? Wa ya ɗauke shi?"

"Allah ya kiyaye in gaya miki," in ji matar, ta juya ta tafi.

Kwana goma sha biyu suka rage wa Auta kafin jarrabawar tantancewa. Ukun farko barci ta yi ta yi, tana dawowa daga makaranta sai ta faɗi a tabarma ko takalmi ba ta cire ba. Lauya, da ta koma kwana a gida don ta sa mata ido, ta so ta tashe ta. Umma ta hana.

"Ƙyale ta. Ke kika ce doka ta ba ta lokacin nan. Doka ta ce sai ta yi karatu a ciki?"

Wannan ce doguwar maganar da Umma ta yi mata a makon. Sauran duk "to" ne da "ajiye a can". A rana ta huɗu Auta ta farka da kanta, ta wanke fuska, ta baje littattafai a tebur. Lauya tana yi mata tambayoyi, tana amsa rabi, rabi kuma ta ce an yi wannan lokacin tana barci. Suka yi ta faɗa a kan lissafi har maƙwabta suka san ana jarrabawa a gidan.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan fitowar sakamako, Lauya ta shigo ta tarar da Umma kwance rubda ciki a tabarma, Auta tana danna mata baya da tawul mai ɗumi.

"Sunanki ya fito?" in ji Lauya tun daga ƙofa.

"Ya fito, Yaya. Mutum arba'in da shida aka ɗauka. Ni ce ta arba'in da ɗaya."

"Ta arba'in da ɗaya? Ke da kike ta biyar?"

"Ji min 'yar nan," in ji Umma, fuskarta a cikin matashi. "An ce miki ya fito. Sai kin ɗaukaka ƙara?"

Auta ta yi dariya. Lauya ta ajiye jaka ta durƙusa, ta karɓi tawul ɗin ta sake tsoma shi a ruwan ɗumi. Bayan Umma ya yi tauri kamar katako, tafin hannunta duk ya tsattsage.

"Umma, maganar da na faɗa miki a lungu..."

"Danna ƙasa kaɗan. Nan. Gaskiya kika faɗa, bakinki ne dai babu linzami."

"Litinin zan koma wajen Sufeto. Mayar da ke injin wanki ramuwa ce, kuma ya san ramuwa ce."

"Wata huɗu ya rage yarinyar nan ta zana jarrabawarta. Ki bar ni in ja zannuwana lafiya har ta gama."

"In bayan naki ya kai wata huɗun."

Umma ta juyo da fuska gefe ta dubi Auta, wadda ta riga ta koma tebur ta buɗe littafi.

"In za ki je," ta ce, "kada ki je da safe. Agogo tana da ƙani a layin ofishin, mai gyaran takalmi. Duk wanda ya hau benen nan kafin azahar, a kunnenta yake kwana."